Rijiyar Takarda

Na sayi tikiti da kuɗina, ni da na haifi labarin.
Yaron ƙofa bai san ni ba, ya ce, "Baba, bi sannu,
Bencin baya akwai ƙusa."
Na zauna kan ƙusar, a Bolari, daren Asabar,
In ga yadda 'yata ta koma a hannun masu dariya.

Shekara ashirin da biyu ina akawu a sakatariya.
Takardar ta ce an haƙa, gaba sittin,
An ɗaure baki da siminti, jama'a sun sha sun gode.
Ƙauyenmu kuwa, can bayan Kumo,
Ko kaza ba ta yi tono a wurin ba,
Balle a kira shi rijiya.

Abin ya tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifin Dadin Kowa,
Sai da na bar aiki na amayar da shi littafi.
Kwafi ɗari biyar. Ɗari uku gara ta karance,
Sauran masu ƙosai suka raba wa duniya.

Ga shi yau a bango, da kiɗa, da gurnanin janareta.
Kansilan littafina siriri ne mai sanyin murya,
Mai gaisuwa har ƙasa, shi ya sa ake tsoronsa.
Nasu sun cusa masa matashin kai a riga,
Tumbi ya riga shi isa fili,
Ya zo yanke kirtani, almakashi ya cafke masa zariya.

Ɗaki ya ɗauka!
Aka zura guga inda babu rami,
Ya hauro cike da rasit.
Mata sun jera tuluna, ana ɗura musu fayil:
"Ku sha, an riga an sa hannu!"
Wallahi ban rubuta wannan ba.
Wallahi ya fi nawa.
Na ƙule, na kuma tuntsire, haƙarƙarina ya sha tsiya.

To ina Inna Dudu, ta shafi na tamanin da bakwai,
Wadda ta faɗi da jarka a hanyar rafi ba ta tashi ba?
Darakta ya ce da ni a waya,
"Malam Gidado, makoki ba ya cika ɗaki."
Suka cire ta, suka sa akwiya.

Layin gaba, kan farar kujerar roba,
Wata siririyar ƙeya ce da na sani ko a duhu.
Alhaji Bappayo! Yana share hawaye da hula,
Yana dukan cinyar direbansa:
"Wannan ai wanda ya gaje ni ne sak, har tafiya!"

Da aka kunna fitila ya gan ni, ya durƙusa har ƙasa.
"Akawu, ashe kai ne? Allah ya ƙara basira.
Kashi na biyu ni zan ɗau nauyi."
Ya danƙa mini gorar ruwa mai sanyi,
Ni kuwa, don bakina ya saba,
Na ji shi yana godiya.

Na tako gida da ƙafa, gorar na zufa a hannuna.
Famfo ya yi tari sau biyu ya yi shiru.
Na buɗe shafin Inna, na kira sunanta a fili,
Ina shirin tsine wa darakta,
Sai na tuna wani da shi ma bai fito a bangon ba:
Mai hatimi, mai hura tawada ta bushe,
Wanda ya karɓi buhun masara biyu da ƙarin girma.
Wannan ba darakta ya cire shi ba.
Tun a littafin ba ya nan.
Ni na share shi, fes, da tawa tsintsiya.